Tsohuwar Fowil: Abin Da Masu Gyara Ta a Gida Suka Ce

Da masu gyara mota a gida suka tattauna kan riƙon tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, wato fowil, ba a kan inji aka fi daɗewa ba. A kan tsatsa ne. Inji ana sauke shi a sake, amma shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, in ya ruɓe, magana ta ƙare. Shawarar kowa ita ce a wanke ƙarƙashin motar duk lokacin da ta fito daga laka, don laka tana riƙe damshi a lungunan ƙarfe.

Sai mai. Mutane suna tuna baƙin mai na inji, su manta da na giyabos, da na akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, da na aksul biyu. In motar ta ratsa ruwa mai zurfi, a kwance notin man kowannensu a duba: man da ya koma fari-fari kamar madara ruwa ya shige shi, a juye nan take. Gaɓoɓin furofela kuma, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul, a cika su da giris. Man birki, a sake shi duk shekara 2.

An yi saɓani kan man inji na zamani. Wasu sun ce yana fito da yoyo a tsofaffin robobin da ke tare mai, wasu sun musa. Ni ina ganin bin littafin motar ya fi.

Motar da ake sa wa fowil da hannu, kada a sa mata a kan busasshiyar kwalta, yana murɗe ƙarafa. Amma a riƙa sa shi wata-wata a kan turɓaya. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

Abin da ya fi damuna: kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Kafa mata madogarar ƙarfe, ka tokare tayoyi.