Devdas na Dilip Kumar da na Shah Rukh Khan: wanne ne ya bi littafin?

Maman Ilham, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gardama ce ta kawo ni, tsakanina da mahaifina, yau kwana tara ke nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Ni tela ce. Bayan ƙaramar Sallah da ɗinki ya lafa, na ce bari ni ma in huta. Na aiki ɗan yayata kasuwa wajen masu tura fina-finai, ya ba da dala arba'in aka zuba mini Devdas na 2002, na Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit. Na gan shi tun ina budurwa, a faifai, kuma na sha kuka a lokacin. Zafin Garwa ya koro mu daga ɗaki, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kife turmi na ɗora kwamfutar a kai. Baba yana gefe a kujerarsa yana jan carbi, ya ce shi ba kallo yake yi ba. Can da ya ji ana ta kiran Paro, Paro, sai ya gyara zama ya ce, "Wannan ai labarin Dilip Kumar ne. Wa ya ba yaron nan?"

Ashe lokacin da yake yaron mota, suna kai kaya Maiduguri, ya ga tsohon a wata silima marar rufi. Ba ya jin Indiyanci, ba ya karanta boko, amma ya ba mu labarin tiryan-tiryan. Ya zauna har aka gama na 2002, awa uku cur, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Biki suka yi, ba makoki ba." Ya shige ɗaki.

Abin ya tsaya mini a rai, na sa aka nemo mini na 1955 ɗin, baƙi da fari. Ranar farko na yi barci a tsakiya, gaskiya. Ranar ta biyu na kai ƙarshe, kuma tun daga nan na rasa inda zan tsaya.

A matsayina na mai ɗinki, na 2002 ba shi da na biyu. Na sha tsayar da hoton don in ga yadda aka yi aikin zare a bakin gyalen Madhuri, har na zana hannun wata riga a littafin awona. Amma idon telan nan ne ya fara nuna mini matsalar. An ce iyayen Devdas sun ƙi Paro don gidansu bai kai ba. To gidan su Paro a fim ɗin nan, da gilasai masu launi ko'ina, ko fadar Lamiɗo albarka. Wane rashin kai wa kuma? A na 1955 kuwa ƙauye ne sosai, da turɓaya, Paro da tulunta tana zuwa ɗiban ruwa, zanenta ɗaya marar ado. Kana gani ka san akwai tazara tsakanin gidajen biyu.

Sauran bambancin da na lura da su: a tsohon Kalkata aka tura shi karatu, a sabon daga Landan ya dawo. A sabon an sa uwar Paro ta yi rawa a gaban jama'a sannan aka ci mata mutunci, a tsohon babu haka. A sabon Paro da Chandramukhi, 'yar rawar da ta kamu da son Devdas, sun haɗu har sun yi rawa tare, a tsohon giftawa kawai suka yi a hanya.

Baba ya rantse nasa ne na gaskiya, alhali shi ma bai taɓa ganin littafin ba. Don Allah wanda ya karanta ya raba mu.

Malamin Lise, Marwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gai da Baba, ki ce masa ya ci gardama, amma ba duka ba.

Na karanta fassarar Turanci. Marubucin Sarat Chandra Chattopadhyay ne, da harshen Bengali ya rubuta, aka buga a 1917. Ɗan siririn littafi ne, za ki gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Kalkata ce a ciki, ba Landan ba. Babu rawar uwar Paro, babu muguwar matar wa mai zuga uwa, kuma matan biyu ba su taɓa haɗa ido ba. Ke nan giftawar da kika gani a na 1955 ma ƙarin daraktan fim ɗin ne, Bimal Roy. Sai dai shi ɗan gishiri ya barbaɗa, Sanjay Leela Bhansali, daraktan na 2002, kuwa buhun ya juye.

Dalilin ƙin auren ne zai ba ki mamaki, don a wajenmu juyin waina ne. Gidajen biyu duk Brahman ne, maƙwabta, yaran tare suka tashi. Laifin dangin Paro shi ne suna karɓar kuɗi daga wajen ango in za su aurar da 'ya. A al'adar manyan gidajen can, uban amarya ne ke biya, wanda ya karɓa kuwa ana masa kallon mai sayar da 'ya'ya. Wato abin da mu muke ɗauka mutunci, a kawo dukiyar aure a yi sadaki, shi ne abin gori a can. Sannan uwar Devdas ba ta son surukuta da gidan da ke jikin katangarta. Wannan kam mun san shi, ko a Marwa akwai masu irin ra'ayin. Ina jin Bhansali ya ga dalilin zai yi wa masu kallon zamani wuyar ganewa, shi ya sa ya mai da dangin Paro zuriyar 'yan rawa.

Wani abu kuma, a littafin Paro shekararta 13 lokacin da maganar aure ta taso. Duk finafinan sun ƙara mata shekaru. Mijin da aka ba ta, mai gonaki da matarsa ta rasu ta bar masa manyan 'ya'ya, ba azzalumi ba ne. Dattijo ne mai jin nauyin yarinyar, ita kuma ta riƙe gidan da 'ya'yansa da kyau. Littafin bai ba ki wani mugu da za ki ɗora wa laifi ba. Paro ce ta sai da rai ta je ɗakin Devdas da tsakar dare, shi kuwa ya tsere Kalkata ya aiko da wasiƙa cewa bai taɓa sonta ba. Daga baya ya dawo yana cizon yatsa, bakin alƙalami ya bushe.

Bimal Roy ɗan Bengal ne, Suchitra Sen da ta fito a Paro ita ma haka, kuma wannan ne fim ɗinta na farko da harshen Hindi. Ƙari a kan haka, shi ne ya riƙe kyamara a Devdas ɗin da P. C. Barua ya yi shekara 20 kafin nasa. Ya san ƙauyen, ya san labarin tun yana yaron aiki.

Ɗan Njamena

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ku bar mu mu ma mu yi magana. Aunty Maman Ilham, kar ki bari su raba ki da abin da idonki ya so.

In bin littafi ne ma'auni, ai sai a zauna a karanta littafin a huta. Wa ke zuwa kallon Indiya don ya ga turɓaya? Turɓaya muna da ita a Njamena har ta yi mana yawa. Na gwada na 1955, mutum ya zauna ya zuba wa bango ido minti biyu bai ce uffan ba, na duba wayata ko ta maƙale ne.

Na 2002 a lokacinsa babu fim ɗin Indiya da aka kashe wa kuɗi kamarsa, kuma har bikin finafinai na Cannes a Faransa aka kai shi aka nuna a shekarar. A cikinsa aka fara jin muryar mawaƙiya Shreya Ghoshal a fim ɗin Hindi. Haɗuwar matan nan biyu da Malam yake kira buhun gishiri, ni ita ce zuciyar fim ɗin. Mata biyu suna kishi a kan namijin da babu wadda ta same shi, sai suka ga babu mai gane ciwon ɗaya sai ɗayar. In marubucin bai yi tunanin haka ba, to an taya shi.

Ku kuma tuna ƙarshen. Paro ta taho a guje, farin zanenta mai jan baki yana jan ƙasa, mijin ya ba da umarni, ƙofar gidan tana rufuwa a hankali, Devdas yana kwance a waje yana kallonta dishi-dishi, fitilar da ta shekara da shekaru tana kunne dominsa ta mutu. A gidan bidiyon unguwarmu ƙarti masu gemu sun yi tsit, wani ya ce hayaƙin shayi ne ya shiga masa ido.

Akwai na 2009 ma, Dev.D, da aka mai da labarin Punjab da Delhi na zamani, shi a can bai mutu ba. Amma Aunty, wannan kar ki kuskura ki kunna a gaban Baba.

Goggo, Ngaundere

Jikata ce take rubuta mini, ni ina faɗa.

'Yata Maman Ilham, kin lissafo bambanci uku kin tsallake wanda ya fi ci mini rai. Dukan goshi. A tsohon, a bakin ruwa, Devdas ya ɗaga sandar fatsa ya sheme Paro a goshi, jini ya zubo, wai don ta yi alfahari da kyanta, wai ya bar mata tabon tunawa. Ka ga duka, ka ji shi a jikinka, ka san wannan yaro ɗan gata ne da bai saba a ce masa a'a ba. A sabon da sarƙar lu'ulu'u ya yi, ga kiɗa yana tashi, jinin ma an gyara shi ya zauna daram kamar kwalliyar amarya. 'Yammatan gidan nan suna kallo suna cewa wayyo soyayya. Na ce a kashe mini tele.

Ɗana na Njamena, shirun nan da ya gundure ka, kunya ce. Dilip Kumar ya yi fuskar mutumin da ya san shi ya kashe kansa da kansa. Shah Rukh Khan yana ta zuba zance, yana fasa kwalabe, kamar duniya ce ta cuce shi.

Ina da dalilin faɗin haka. Shekarata 15 aka kai ni gidan mutumin da babbar 'yarsa ta girme ni. Wanda ya yi mini alkawari, da maganar ta kai gaban babansa, sai ya bi motar shanu ya yi kudu. Bayan wata biyu ya aiko direba da takarda, wai in yi haƙuri, shi ƙanwa ya ɗauke ni. Ban iya karatu ba, ƙanina ya karanta mini a bayan ɗakin girki. Malam na Marwa ya yi gaskiya a kan dattijon miji. Nawa, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba a shekara 26. Wancan kuwa ya dawo bayan na haifi na biyu, yana aiko yara da turare. Na mayar masa.

Saboda haka ni ban yi wa Devdas kuka ba, a tsoho ko a sabo. Wanda na tausaya wa tsohon baransa ne, Dharamdas, da ya goye shi tun yana yaro, ya bi shi cikin jirgin ƙasa yana jinya, barci ya ɗauke shi, ya farka babu ubangida. Duk lokacin da na hau jirgin dare zuwa Yaunde na ga tsoho yana gyangyaɗi a kan kayansa, shi nake tunawa. Sai Chandramukhi, da ta bar rawa da dukiya saboda mutumin da ko kallon arziki bai cika yi mata ba. Jikata ta ce Vyjayanthimala da ta yi rawar a 1955, da aka ba ta kyautar Filmfare ta mataimakiyar jaruma, ƙin karɓa ta yi, ta ce ita ba mataimakiya ba ce. Ta burge ni.

Maman Ilham, Garwa

Na gode ƙwarai. Goggo, Allah ya ƙara girma, ya ji ƙan maigidanki. Na koma na kalli wurin dukan a duka biyun, kuma ban ji daɗin kaina ba da na tuna ina budurwa har taɓa goshina na yi a madubi.

Daren jiya na karanta wa Baba amsoshinku. Da na zo inda Malamin Marwa ya ce giftawar matan ba ta cikin littafi, sai ya ce marubucin ne ya yi mantuwa. Ka ji fa, ƙanina na Njamena, ashe kai da Baba layinku ɗaya in abin ya zo kan wanda kuke so. Ya sa na nemo masa wurin. Paro tana cikin akwatin nan da ƙarti ke saɓawa a kafaɗa, Chandramukhi tana tafe a ƙasa, kowace ta dubi 'yar uwarta, babu wadda ta san wace ce, aka wuce. Ya ce in mayar. Na mayar sau uku. Sai ya ce shi a tunaninsa wurin ya fi haka tsawo, ko an yanke ne. Na ce ba a yanke ba. Ya yi shiru, ya ce to a Maiduguri dai ya fi haka tsawo.

Labarin Goggo ban gama karanta masa ba ya ce a kawo masa buta.

Hannun rigar da na zana kuwa, wata amarya ta gani a littafin awo ta ce lallai shi take so, biki saura sati uku, ga zaren gwal ya yi tsada a kasuwa. Malam, na Barua ɗin nan da K. L. Saigal ya fito a ciki, ana samunsa a intanet da hoto mai kyau? Baba ya ce tunda akwai wanda ya girmi nasa, sai ya gani da idonsa.