Yadda Ake Gane Karkacewar Motsi ga Mai Ciwon Ƙugu

Ɗalibar Lafiya: Malamai, idan mai ciwon ƙugu ya sunkuya, ta yaya za a gane cewa motsinsa ba daidai ba ne?

Likitan Gashi: Ki tsaya a bayansa, ki sa shi ya sunkuya ya miƙe sau uku. Idan sai ya dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, ko ya karkace gefe guda, ko zafi ya kama shi a tsakiyar sunkuyon sannan ya sake shi, to ki zargi raunin tsokokin da ke riƙe ƙashin baya.

Tsohon Hannu: Haka ne, likita, amma tsoron ciwo kaɗai yakan sandarar da mutum. Ni dai nakan kalli yadda yake ɗaukar takalminsa lokacin da bai san ana lura da shi ba.