Ƙaba ko gwaiwa? Mu tsayar da kalma ɗaya

Salamu alaikum, 'yan uwa. Magana ce a kan sunan da ya dace mu kira ciwon da likitoci ke ce wa "hernia" da Hausa. Yayata ta shekara tana fama da ciwon mara ta gefen dama. An ba ta maganin olsa, an ba ta na sanyi, shiru. Ranar da likita ya rubuta "hernia" a katinta da alamar tambaya, na ce mata gwaiwa ake zargi. Ta ja mayafi ta rufe fuska: "Ni mace, ina ni ina gwaiwa?" Wata uku ba ta koma asibiti ba. Kalmar da na zaɓa ce ta kore ta, kuma abin yana damuna har yau.

Gwaiwa a bakinmu kumburin maraina ce. Wata ma ruwa ne kawai ya taru, likita ya haska tocila haske ya ratsa. Abin da takardar ke nufi daban ne: bangon ciki ya yi rauni a wani wuri, hanji ko kitse ya leƙo ta nan. Kusan kashi 75 cikin 100 a matsematsi yake fitowa. Namiji ɗaya cikin huɗu kan gamu da irin wannan a rayuwarsa, mata kuwa kamar 3 cikin 100, amma suna samu.

Ni ƙaba na zaɓa. Tana karɓar ƙari ba tare da an ji kunya ba: ƙabar matsematsi, ƙabar cibiya, ƙabar cinya wadda ta fi kama mata, ƙabar ɗinki da kan biyo tiyatar haihuwa.

Da na kawo wannan shawara, wani dattijo ya amsa mini cewa a garinsu duk murɗawar ciki mai ƙugi ƙaba ake ce mata. Baba, na yarda, kuma shi ya sa ba a shiga ɗakin tiyata da suna kawai. Likita zai tsayar da kai, ya ɗora yatsa a wurin, ya ce yi tari. In ya ji abu ya bugi yatsan, kuma ka kwanta ya koma, to magana ta fito. In babu kumburi sai ciwo, a yi sikanin kana yunƙuri, in bai nuna ba a je MRI, wani hoton cikin jiki da babbar na'ura ke ɗauka. Wannan nake so mu kira ɓoyayyiyar ƙaba. A kuma duba tsakuwar ƙoda da mahaifa da hanji, don ana iya ɗinke ƙaramar ƙaba ciwon na nan daram.

Saura wadda ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga amai, ba bayan gida ba tusa. Jini ya daina kaiwa ga hanjin, cikin 'yan awoyi zai iya mutuwa. Wata nas ta ce su "ta shaƙe" suke cewa a wurin aiki. Anti, na karɓa hannu biyu: shaƙaƙƙiyar ƙaba. Duk wanda ya ji sunan ya san ba ta kwana a gida.