Yayana ya daina ɗaukar wayata saboda Trump, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai tun ina makaranta ra'ayina ya fi karkata ga 'yan mazan jiya a siyasar duniya, saboda maganar iyali da tarbiyya. Lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 mai halatta zubar da ciki, a Yunin 2022, na yi murna, kuma alƙalai uku da Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka yi aikin. Ranar da aka sake rantsar da shi, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu cewa gwamnati jinsi biyu ta sani, namiji da mace. Na yaba masa a rukunin danginmu, ban zagi kowa ba. Yayana da ke zaune a can ya mayar mini da magana mai zafi, na ba shi amsa, tun ranar ba ya ɗaukar wayata. Mahaifiyarmu ta ce in ba shi haƙuri. Haƙurin me? In janye gaskiya?

Baban Yara: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kada ka janye ko harafi ɗaya. Musulmin Amurkan su da kansu sun gaji. A Dearborn ta jihar Michigan, garin Larabawa, Trump ne ya zo na ɗaya a 2024. A Maryland iyaye, har da Musulmi, sai da suka kai ƙara Kotun Ƙoli don a bar su su cire 'ya'yansu daga darussan littattafan auren jinsi, suka yi nasara a 2025. Wa ya tsaya musu? Masu sassaucin ra'ayi?

Ummu Khadija: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Wa ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka a 2017? Wa ya mayar da ofishin jakadancin Amurka a Isra'ila zuwa Ƙudus a 2018? Yawancin mutanen Dearborn haushin Gaza ne ya juya su. Ni maigidana haka yake, ya raba dare yana kallon labaran Amurka, yara ba su ga fuskarsa ba, wai shi mai kishin iyali.

Baban Yara: Hajiya, wannan kuma matsalar gidanki ce. Firaminista Orban na Hungary ya yafe wa matan da suka haifi 'ya'ya huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwa. A nuna mini mai sassaucin ra'ayin da ya taɓa yin haka. Kuma hana abaya a makarantun Faransa a 2023 gwamnatin Macron ce ta yi, ba Le Pen, jagorar masu tsattsauran ra'ayin mazan jiya ta Faransa, ba.

Ɗan Tsakiya: Orban ɗin da ya ja shingen waya a iyakarsu da Sabiya a 2015 don tare 'yan gudun hijira? Ita ma Le Pen ɗin a yaƙin zaɓen 2022 cewa ta yi za ta hana hijabi har a kan titi. Iyalin da suke karewa nasu ne. Mai tambaya, me ka rubuta wa Yayan naka a amsar? Kuma takardunsa na zama sun cika? Mai tsoron a tasa ƙeyarsa ba zai ji daɗin tafinka ba.

Mai tambaya: Maganar takardunsa ba ta nan ba ce. Abin da na ce masa kawai shi ne zaman can ya sauya masa tunani. Ai ba ƙarya na yi ba.

Ummu Khadija: Innalillahi! Yayan naka? Kira shi yau, zumunci ya fi ƙuri'ar da ko jefa ta ba ka da ikon yi.

Baban Yara: Kada ka kira. In ka kira yanzu zai ɗauka hujjarsa ce ta yi nasara. Tura masa hukuncin Maryland ɗin ya karanta.

Mai tambaya: Ba zai shiga ba, ya toshe ni a WhatsApp. Ga shi kuɗin makarantata na zangon nan daga wurinsa suke fitowa. Akwai wanda zai rubuta mini saƙon da babu ban haƙuri a ciki, amma ya sauko? Ta wayar ƙanwarmu zan tura.