Neman kalmar Hausa: fedar da ke riƙe takalmi, da ɗan abin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmin

Salam 'yan'uwa mahaya keke da masu kishin harshe, dan Allah a bi ni a hankali don zaren nan zai ɗan yi tsawo.

Abin da ya tayar da maganar shine ƙanina da muke fita tare duk Asabar bayan asuba, mu tashi daga Samaru mu bi hanyar Shika har kusa da Giwa mu juyo, ya samu keken tsere na gwanjo mai siririn taya ya ce shi ma irin fedata yake so. Na ce toh muje Sabon Gari wajen Baba mai gyaran keke a ɗaura maka. Muna zuwa na buɗe baki zan yi bayani sai na ji kaina ina ta kilifles, kilit, fulot, Baba ya ajiye sifana yana kallona, mutumin da tun kafin a haife ni yake haɗa kaca yana miƙar da taya. Ya ce ɗana faɗa min da Hausa, me abin yake yi? Na yi ta kwatance da hannu har ya gane, amma wlh abin ya tsaya min a rai, ace abu yana ƙasan ƙafata shekara uku kuma ba ni da sunansa a bakina.

Kafin kowa ya kawo shawara bari in toshe hanya ɗaya: kar mu fassara sunan Turancin yadda yake. Abin da suke rubutawa clipless, ma'anarsa marar makama, alhali ita ce fedar da ta fi kowace riƙe ƙafa. Sunan ya samo asali ne daga abin da ta maye gurbinsa. A da masu tsere suna ɗaura wani ɗan keji na ƙarfe a gaban feda, ka zura kan takalmi ciki sannan ka ja maɗaurin fata ka tamke, in za ka tsaya sai ka sunkuya ka sassauta da hannu. A 1984 kamfanin Look na Faransa, wanda asalinsa masu ƙera abin riƙe takalmin masu zamiya kan ƙanƙara ne, ya fito da feda mai sifirin da ke kama wani faranti a ƙasan takalmi, wato kilit ɗin nan, ta kuma sake shi in ka murɗa diddige. Bernard Hinault ya ci gasar tseren keke ta Tour de France ta 1985 da ita, daga nan kowa ya bi. Su a wajensu kejin nan ne ya tafi shi yasa suka ce marar keji. Mu nan ba mu taɓa yayin kejin ba, daga fedar Raleigh da Phoenix ta roba muka tsallako, kaga in muka ce feda marar makama mun rikita duk wanda ya ji.

Bayan na saka zaren nan, shawara ta farko da ta shigo daga wani yayanmu ne na cikin birni wajen Ƙofar Doka, gidansu gidan dawaki ne duk hawan sallah suna cikin tawaga. Ya ce ai likkafa ce, a ce feda mai likkafa an gama. Na ji daɗin kalmar sosai don ta gida ce kuma mahayi mahayi ne, amma yaya ka duba, likkafa zura ƙafa ake yi a ciki, ta kewaye ƙafar, kuma ba ta riƙe ka in ka ɗaga. Wannan ai shine daidai kwatancin tsohon kejin nan mai maɗauri. Don haka ni a ganina kalmar ta samu gida amma ba nan ba: tsohuwar mai keji ita ce feda mai likkafa, har yanzu ana ganinta a kan wasu kekunan gwanjo, kuma daga yau haka zan riƙa kiranta.

Wani ya ce feda mai kwaɗo, wani ya ce mai tarko. Duka biyun na ƙi su kuma dalilina ɗaya. Babban abin da ke hana mutane gwada fedar nan tsoro ne, kowa tambayarsa in mota ta taho ya zan cire ƙafata. Kwaɗo sai da makulli yake buɗewa, tarko kuwa wanda ya kama ba ya sake shi, in muka raɗa mata irin wannan suna mun tabbatar wa mutum da tsoronsa tun bai hau ba. Wata 'yar'uwa ta ce ƙofato saboda ƙwas ƙwas ɗin da takalmin ke yi in ka taka siminti, gaskiya ta kama sautin, amma sunan bai faɗi aikin abin ba.

Ni inda na tsaya, kuma daga bakin Baba na tsince shi ba ni na ƙirƙira ba. Lokacin da ya ɗaura fedar ya ɗauki takalmin a hannu ya sa hancin farantin a gaban fedar ya danna baya, ta yi ƙas, ya murɗa gefe ta sake, ya maimaita sau uku yana kallo, sai ya ce au, ashe maɓalli ne. Shikenan. Maɓalli abu biyu ne da ke haɗuwa, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, ka ɓalla ya riƙe, ka ɓalle ya rabu, kuma kai da kanka kake yi ba tare da makulli ba, irin maɓallin ƙarfen nan na jakar makaranta da ake dannawa. Kuma abin da ya fi burge ni kalmar ta zo da aikatau ɗinta guda biyu a shirye, ba sai mun nemo wata kalma ta shiga da ta fita ba. Don haka fedar ita ce feda mai maɓalli, farantin ƙasan takalmi shine maɓalli ko maɓallin takalmi, takalmin kansa takalmin maɓalli.

Ƙari bayan la'asar, na ga gyaran da malamina na Hausa ya yi kuma gyara ne mai nauyi. Ya ce ɗalibina ka kula, ɓalla tana da wata ma'anar, in ka ce na ɓalla ƙafa a kan keke mutane asibitin ƙashi za su tambaye ka, in kuma ka ce feda ta ɓalle za a ɗauka karyewa ta yi ta faɗi a titi. Allah ya ƙara wa malam lafiya, haka ne. Na juya abin a raina sai na ga ai maganin yana cikin gaskiyar yadda abin yake, ƙafa ba ita ake ɓallawa ba, takalmi ne. Sai mu riƙa cewa ɓalla takalmi, ɓalle takalmi. Ɓalle takalminka kafin ka iso shatale-tale. Ba wanda zai ji wannan ya ɗauka karaya ce. Wani kuma ya ce ai yanzu maɓalli na kwamfuta ne da na waya, toh ai shi ma aro aka yi daga na riga, kalma ba ta ƙarewa don an ara sau ɗaya.

Saura fulot. Shi ne ɗan juyin da diddige ke samu dama da hagu alhali takalmi yana ɓalle a jikin feda bai fita ba. Kun ga ko a wannan jimlar sai da na tsaya, don yana ɓalle na iya nufin a buɗe, gara a ce yana maƙale. Wannan kalmar kam ba sai an sha wahala ba, duk bakanike a Zariya yana da ita, in sitiyari ko baris yana motsi kaɗan cewa suke yana da wasa. Wasan maɓalli kenan, kuma da digiri ake auna shi.

Nan ne kuma zan daɗe don nan ne mai saye ke yin kuskure. Maɓallan ba sa shiga fedar juna. Na keken tsere yawanci noti uku ne, faranti mai faɗi na roba mai tauri mai kusurwa uku, manyan biyu sune SPD-SL na kamfanin Shimano da Keo na Look, a ido kamar ɗaya, duka suna hawa takalmi mai huji uku, amma maɓallin wannan ba na fedar wancan ba ne, ko ya yi kamar ya shiga kar ka yarda da shi. Kuma kala ce ke nuna wasa. A Shimano rawaya digiri 6, shuɗi digiri 2, ja babu wasa sam. A Look toka-toka digiri 4.5, baƙi babu wasa, ja kuwa digiri 9. Kaga ja a Shimano shine mafi ƙanƙamewa, a Look shine mafi sakewa, wanda ya shiga kasuwa ya ce a ba ni ja kawai bai ce komai ba. Ɗan koyo ya ɗauki mai wasa, rawaya ko toka-toka, don gwiwa tana son ta ɗan juya yadda ta saba, in ka ƙanƙame ƙafa a karkace ka yi ta juya feda awa biyu gwiwar ce za ta biya. Marar wasa na wanda aka auna masa zaman ƙafa ne ya san daidai inda yake so.

Akwai kuma mai noti biyu, SPD, wanda Shimano ta fitar a 1990 don keken daji. Maɓallinsa ƙarami ne na ƙarfe, yana nutsewa cikin ƙasan takalmi don haka kana iya tafiya kamar kowa, kuma yawancin fedarsa fuska biyu ce duk ta inda ka taka ta kama. Masu tsere za su ce ba na titi ba ne, faɗinsa kaɗan ne, ya fi nauyi. Ni dai ga mai hawa a nan shi nake ba da shawara kuma shi na sa ƙanina ya saya. Fitarmu ba ta tsere ba ce zalla, za ka sauka wajen mai shayi, za ka taka tsakuwa da jar ƙasa a gefen titi, wani lokaci ka tura keke ka tsallake inda ruwa ya cinye kwalta, maɓallin roba kuwa tafiya ce ke cinye shi, ga santsi a kan tayil, kuma in ya cinye sai ya fara fita da kansa ko ya ƙi fita, sannan samun sabo sai an aiko maka daga nesa. Na ƙarfe yana daɗewa ƙwarai. Har akwai samfurinsa mai lamba SH-56 da ke sakin takalmi ta fuska fiye da ɗaya, ya fi sauƙi ga mai tsoro akan SH-51 da sai ka murɗa diddige waje. Maɓallin fedar Speedplay mai noti huɗu kuwa wasansa na kaiwa digiri 15 kuma ana iya daidaita shi, amma sifirin ɗinsa a jikin maɓallin yake ba a feda ba, duk ƙasar da ka taka cikinsa take shiga, da ƙurar hunturunmu sai mai haƙurin gogewa.

Wajen ɗaurawa abu biyu kawai. Fedar hagu zarenta a juye yake, ta hagu ake ɗaure ta, Baba ya san wannan tun kan Raleigh amma yaran shago da yawa suna kashe zaren hannun feda a nan, a shafa giris a fara da yatsa kafin a sa sifana 15 ko alanki. Maɓalli kuma a ɗaura shi yadda tudun bayan babban yatsa zai zauna kan sandar feda ko ya ɗan wuce ta gaba kaɗan.

Na ce tsoro ne ke hana mutane, kuma ba zan ɓoye ba tsoron yana da tushe. Satina na farko na taho Kwangila da safe cunkoso ya tsaya cak, ɗan adaidaita ya ja birki a gabana, na ja nawa, ƙwaƙwalwa ta ce sauke ƙafa ƙafa ta ɗaga sama kamar yadda ta saba tun ina yaro, takalmi ya ƙi, na tafi gefen dama gaba ɗaya da keken a jikina. Gwiwar hannu ta goge, kwana huɗu ina jin ƙugu. Allah ya kiyaye babu mota a wannan gefen. Da na koma gida na duba sai na tarar ɗan notin da ke bayan fedar, wanda ke ƙara wa sifirin ƙarfi, a ɗaure yake kusan ƙarshe tun daga wajen mai ita na farko, kuma ba wanda ya faɗa min akwai shi don ba wanda ke da sunan da zai kira shi. Shi yasa na ƙanina na sassauta shi har ƙarshen alamar ragi, na tsayar da shi jikin katangar gida ya dafa, ya ɓalla ya ɓalle sau hamsin kowace ƙafa ina ƙirgawa, sannan muka je fili ya yi ta tsayawa yana tashi, ina bin sa ina cewa diddige waje, diddige waje.

Shi wannan notin ne har yanzu ban samu sunan da ya kwanta min ba. Na gwada notin ƙarfi, na gwada notin tauri, Baba yana ce masa ɗan ajasta, ƙanina kuma linzami yake ce masa don shi ke sa fedar ta yi tauri ko laushi a baki. Linzamin ya fi min daɗin faɗa amma ina tsoron a ɗauka birki ake nufi. Yaya na Ƙofar Doka kai ka san kayan doki, in akwai sunan maɗaurin da ake ragewa a ƙara a jikin sirdi wanda zai dace da shi ka ajiye mana a ƙasa, Asabar in Allah ya kai mu zan gwada shi a bakin Baba in ji ko zai karɓa.