Dan Allah me za mu kira "avalanche" da Hausa? Shirin ƙarfe 6 nake haɗawa

Ummin Rediyo: Salamu alaikum jama'a, a agaza min. An ba ni rahoto in fassara kan masu wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai, ba waɗanda ke filayen da aka gyara ba, su waɗannan da ke ratsewa can cikin tsauni inda babu mai share hanya babu mai gadi, kusan mutum 100 ne ke mutuwa duk shekara a yankin ta dalilin abin nan avalanche. Kalmar ta cika rahoton, in na ce zaftarewar dusar ƙanƙara kowane layi numfashina zai ƙare kafin minti huɗun. Akwai gajera? Sannan akwai ma'aunin haɗari mai mataki 5, na ukun shi ma ya tsaya min a wuya.

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Ambaliyar ƙanƙara mana Hajiya, kowa zai gane.

'Yar Damagaram: A'a Yaya, ambaliya ruwa ne ke cika ya malala, mai sauraro zai ɗauka ƙanƙarar ta narke ne ta ci gari. Kuma ƙanƙara kaɗai a wajenmu ita ce mai faɗowa da damina ta fasa kai. Ni dai ruftawa.

Baban Hanif: Ruftawa ai rami ne ko ɗaki, abu ya faɗa cikin kansa. Wannan gangarowa take yi.

Malam Nahawu: Duk kun tsaya kewaye-kewaye. Hausa tana da awo na -au, mantau, makarau, gagarau. A ce RUFTAU. Gaɓa biyu, an gama. Tun tuni nake koya wa ɗalibaina haka. "Ruftau ta halaka mutum 31 a Ostiriya." Ina matsalar?

Baban Hanif: Allah gafarta Malam, Ruftau ai sunan ɗan dambe ne 😂 in aka ce Ruftau ya kashe mutane a Ostiriya sai a tambaya ɗan wane ɓangare ne, Kudu ko Arewa.

Malam Nahawu: TA kashe na ce, ba YA ba. Ku dinga karatu kafin dariya.

Ɗan Tirol: Anti Ummi sannu da aiki, bari in sa baki tunda a Innsbruck, babban birnin yankin Tirol na Ostiriya, nake karatu kuma tsaunin a bakin tagarmu yake. Kafin a zaɓi kalma a san yadda abin yake faruwa. Iri biyu ne manya. Akwai wadda dusar ke sako-sako, ta fara daga wuri ɗaya tana faɗi tana tafe, wannan ba ta cika kisa ba. Mai kisan ita ce mai fale-fale. Dusar tana zuba ne hawa-hawa duk hunturu, wani hawan a ƙasa ƙwayoyinsa ba su kama juna ba, sai sabuwa ta zuba a kai iska ta danne ta ta zama falle guda mai tauri. Mutum ɗaya ya taka, hawan ƙasan ya karye, tsaga ta ruga gefe da gefe, fallen gaba ɗaya ya saki lokaci guda, kamar yadda yaɓen siminti ke sakin bangon ƙasa bayan ruwa. In ka je wurin daga baya za ka ga bakin inda ya tsage a miƙe kamar an yanka, wani ya kai ƙugun mutum. Kafin ta saki wani lokaci sai ka ji wani sauti "wum" ƙarƙashin ƙafarka, nan malaman tsauni ke cewa ka juya kawai. Kuma ba a tsauni mai tsananin tsaye ta fi faruwa ba, gangare mai digiri 30 zuwa 45 ne, daidai wanda masu zamiya suka fi so. Toh wannan sakin da falle ke yi ai shi ne zaftarewa, waɗanda suka fara faɗin haka a rediyo ba su yi kuskure ba.

'Yar Damagaram: Amma wanda ta binne fa? Shi ai rufta masa ta yi.

Ɗan Tirol: Gaskiyarki Yaya, ta wajen wanda ke ƙasa ke nan. In ta tsaya tauri take yi, ko yatsa ba ka iya motsawa, yawanci rashin iska ke kashe mutum. In aka tono shi cikin minti 15 na farko akasari yana rayuwa, in an wuce rabin awa sai wani ikon Allah. Shi ya sa ba a jiran jirgin ceto, abokan tafiyarka ne za su tono ka, kowa na ɗauke da 'yar na'ura mai aika sigina a ƙirji, da dogon sandan caka dusar, da shebur. Kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ta kashe, su ne ko wani a ayarinsu suka tayar da ita.

Sani Kwamfuta: Ni fa ban ga abin wahala ba. Mun ce mota, mun ce rediyo, mun ce tsunami ba wanda ya mutu. A ce abalanshi a wuce wurin. Abin da ba ma da shi a ƙasarmu don me za mu ƙirƙira masa suna.

Malam Nahawu: Ga irinta nan. Wannan lalacin ne ya kashe mana harshe, duk abin da Bature ya furta sai mu lanƙwasa baki mu maimaita. Bajamushe bai ara ta Ingilishi ba yana da tasa, Balarabe yana da tasa, mu ne kullum 'yan amshin shata. Dusar ƙanƙarar da kuke faɗa yau ba wani ne ya zauna ya haɗa ta ba? Da ya ce sino da yanzu sino kuke cewa.

Sani Kwamfuta: Malam shi kansa Baturen Ingila wajen Faransawa ya aro kalmar, bai ji kunya ba. Kuma "nahawu" da ke sunanka daga ina ta zo?

'Yar Damagaram: Mu a Nijar dama avalanche ɗin muke ji a labaran Faransanci, amma tsohuwata a ƙauye in ka ce mata abalanshi za ta ɗauka magani ne. Sai dai abin da ke ba ni haushi, kullum ku mutanen Kano ku yanke kalma ku ce ita ce daidaitacciya mu bi, ba a taɓa tambayar yadda ake faɗa a Damagaram ko Maraɗi ko Sakkwato.

Baban Hanif: Toh yaya kuke ce mata a Damagaram, tunda can ma tana zuba? 😂

'Yar Damagaram: Yadda kuke ce mata a Fagge.

Malam Nahawu: Ni ba Bakano ba ne ma, kuma maganar ba ta gari ba ce, ta ƙa'ida ce. Ruftau ta bi ƙa'ida.

Ɗan Tirol: Ranka ya daɗe ta bi, amma awon nan mutum yake siffantawa mai yawan yin abu, mantau mai mantuwa, makarau mai makara. Shi ya sa kunne ke jin mutum ne.

Malam Nahawu: Yaro, ina koyar da wannan tun kafin ka san hanyar filin jirgi.

Ummin Rediyo: Jama'a ƙarfe huɗu da rabi 😭 ku bar Kano da Damagaram su huta. Mataki na uku fa? Ma'aunin Turai ne da aka amince da shi tun 1993, cibiyar bincike ta Davos a Suwizalan na fitar da sanarwa da shi safe da yamma duk hunturu. Na ɗaya kaɗan, na biyu matsakaici, na huɗu babba, na biyar babba ƙwarai, na ukun ne Turancinsa "considerable".

Sani Kwamfuta: Tsaka-tsaki. 3 cikin 5.

Ɗan Tirol: Dan Allah kar ki ce tsaka-tsaki Anti, nan tarkon yake. Kusan rabin mace-macen a mataki na 3 ake yi, don a 4 da 5 mutane na jin tsoro su zauna gida, a 3 kuwa rana ta fito sabuwar dusa ta zuba kowa ya ɗauki kaya. Na biyar ba kasafai ake ganinsa ba, shi ne mai isa har cikin gari, irin ta Galtür nan Tirol ranar 23 ga Fabrairun 1999, mutum 31 ɗin da Malam ya ambata.

Baban Hanif: Ki ce haɗari "ba na wasa ba".

Ummin Rediyo: Edita ba zai bari ba, amma wallahi ita ce ma'anar. Zan ce "mataki na uku, mai launin ruwan goro, wato haɗarin ya yi ƙarfi", sai in kawo maganar rabin mace-macen nan take. Ita kuma babbar kalmar, farko zan faɗe ta cikakkiya, zaftarewar dusar ƙanƙara, daga nan sai "zaftarewar" kawai, in kuma kan mutane ne in ce ta zaftaro musu ko ta rufta da su. Na gwada da labarin Van a Turkiyya, Fabrairun 2020: ta farko ta zaftaro kan hanya, masu ceto na cikin tono washegari ta biyu ta rufta da su, sama da mutum 40 suka rasu. Ya zauna a baki.

'Yar Damagaram: Tunda rufta ta shiga ko ta ƙofar baya ce, na yafe.

Sani Kwamfuta: Gaɓa tara a madadin huɗu. Allah ya ba ki numfashi Hajiya.

Malam Nahawu: Wannan bayani ne ba suna ba, kuma har yanzu ba ku raba ta da zaftarewar ƙasa ba in an yanke wutsiyar. Ki yi shirinki, ba zan hana ba. A ajina dai ruftau ce.

Ummin Rediyo: Na gode Malam, na gode kowa. Ɗan Tirol duba saƙonka, ina son ka yi min muryar "wum" ɗin nan kafin biyar da kwata.