Runduna ta 295 da yaran Bila Tserkva: soja ne, ko 'yan SS?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana: kisan ƙare-dangin da Jamus ta yi a Yaƙin Duniya na Biyu aikin 'yan SS ne, wato dakarun musamman na jam'iyyar Nazi ta Hitler, sojan fagen fama yaƙinsa kawai ya yi. Kotun Nurembag a 1946 ta ayyana SS a matsayin ƙungiyar masu laifi, ba ta yi wa majalisar manyan hafsoshin soja haka ba. Kuma ga misali, runduna ta 295 ta sojojin ƙasa. A watan Agustan 1941, a garin Bila Tserkva na ƙasar Yukiren, 'yan SS suka tsare yara Yahudawa kusan 90 a wani gida bayan sun kashe iyayensu. Wa ya tashi ya ce a dakata? Hafsan wannan runduna ne, Laftanar Kanar Helmuth Groscurth. Ya sa sojojinsa suka tare hanya, suka hana a fita da yaran. In da soja da SS bakinsu ɗaya, me zai kawo wannan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka faɗi farkon labarin ka tsaya. Ƙarasa mana. Yaran sun tsira?

Malam Habu: Ba su tsira ba, Hajiya. Amma ba shi ya kashe su ba.

Hajiya Rabi: To bari in ƙarasa. Garin yana kamar kilomita 80 kudu da Kiyef, kuma a lokacin yana hannun Babbar Runduna ta 6 da Fil Mashal Walter von Reichenau ke jagoranta. Ba SS ke mulkin garin ba, akwai kwamandan soja da aka ɗora a kai, Josef Riedl. A ƙarƙashin ikonsa ne rukunin SS da ake kira Sonderkommando 4a ya harbe manyan Yahudawan garin, ɗaruruwa. Yaran da suka rage, wasu na goye ne, aka zube su a ɗakuna ba ruwa ba abinci. Kukansu da dare ne ya dami sojojin da ke kwana kusa, suka kai ƙara wajen limaman coci biyu na asibitin soja, Tewes da Wilczek. Su kuma suka gaya wa limaman runduna ta 295, waɗannan suka je wajen Groscurth ranar 20 ga wata. Ya je ya gani da idonsa, ya tsayar da komai, ya nemi hukunci daga sama. Washegari aka yi zama. Riedl, soja ne fa, ya goyi bayan Paul Blobel na SS, kwamandan Sonderkommando 4a, ya ga laifin limaman da suka tsoma baki. Hukuncin da ya zo daga Reichenau shi ne a ci gaba. Jami'in SS August Häfner, wanda ya tsaya a wurin harbin, ya shaida bayan yaƙi cewa sojoji ne suka haƙa ramin a bakin daji, 'yan sa-kai na Yukiren suka harba. Yanzu Malam, a wannan labarin ƙirga min masu kakin soja da suka ce a'a, ka ƙirga waɗanda suka ce i.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, karatunki ya yi, amma ba ki taɓa sa kaki ba. Ni na sa. Laftanar kanar ba ya ja da fil mashal. Umarni in ya sauko daga sama, ya sauko. Abin da mutumin nan ya yi ma ya wuce abin da dubu za su iya. Kada ku zauna a inuwa kuna yanke wa wanda ke rana hukunci.

Hajiya Rabi: Allah ya ja da ranka Baba, ban ce Groscurth matsoraci ba ne. Tun 1939 yana cikin hafsoshin da ke ƙulla yadda za a kifar da Hitler, kuma shi ya riƙa yaɗa rahoton Janar Blaskowitz kan ta'asar SS a Folan, har aka ɗauke shi daga hedikwata. Maganata ita ce, fil mashal ɗin da ya ba da umarnin shi ma soja ne. Malam Habu ya ce soja ba su da hannu. Reichenau ɗan SS ne?

Yakubu: Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Hafsa ɗaya, da 'yan sojoji a bakin ƙofa, ya tsayar da SS har kwana guda, kuma ba su iya ture shi ba sai da suka jira amincewar kwamandan soja. Wato ikon hanawa yana hannun soja ke nan. Misalin da Malam Habu ya kawo don ya wanke su, shi ne ya ɗaure su. Kuma me aka yi wa Groscurth? Ba a harbe shi ba, ba a kai shi kotun soja ba. Reichenau ya rubuta cewa gara da Groscurth bai rubuta rahotonsa kan yaran ba, shi ke nan. Daga baya ma Groscurth ya zama shugaban hafsoshin wata runduna da ta fi ta 295 girma.

Baba Ɗanjuma: Yakubu, shi ya san ba za a harbe shi ba a ranar da ya tsaya? Kai ne ka sani, da ka zo bayan shekara tamanin.

Yakubu: Wannan gaskiya ne Baba, kuma shi ya sa nake girmama shi. Amma jarumtarsa tasa ce, ba ta rundunar ba ce.

Safiya: Kafin a naɗa masa rawani, akwai wani layi a rahoton nasa da ba a cika ambata ba. Ya rubuta cewa tun da an kashe iyayen, kamata ya yi a kawar da yaran nan take tare da su, don kada su sha wannan azaba. Kuma hujjarsa mafi ƙarfi ita ce abin yana ɓata tarbiyyar sojoji, tun da a gabansu ake yi. Ni wannan ya sanyaya min jiki.

Malam Habu: Safiya, wa yake rubuta wa? Reichenau, ɗaya daga cikin janarorin da suka fi kusa da 'yan Nazi. In ya ce "ku ji tausayin Yahudawa", takardar ba za ta wuce tebur na farko ba. Ya yi magana da yaren da za su saurara.

Safiya: Mai yiwuwa, Yaya. Masana da yawa haka suka karanta shi. Amma duba abin da ka amince da shi yanzu: a cikin wannan soja, ko mutumin kirki ba ya iya rubuta wa shugabansa cewa kashe jarirai laifi ne. To wane irin soja ke nan?

Malam Habu: Kuna ɗaukar gari ɗaya kuna shafa wa mutum miliyan 17 ko 18 da suka sa kakin Jamus baƙin fenti. Akwai manomi da aka ɗebo dole, akwai direba, akwai kuku. Kuma an taɓa kama masu wannan zargin da kuskure. Baje-kolin hotunan laifukan soja da wata cibiyar bincike ta Hambog ta fara zagayawa da shi a 1995, ai rufe shi aka yi a 1999, saboda an gano wasu gawarwakin da ke cikin hotunan 'yan sandan asirin Sobiyet ne suka kashe su.

Hajiya Rabi: An rufe, an kafa kwamitin masana, suka duba hotuna 1,433, waɗanda ba su dace da wurin ba ba su kai 20 ba. Suka ce ginshiƙin maganar yana nan daram, aka sake buɗewa a 2001. Kuma ba gari ɗaya ba ne. Makonni kaɗan bayan Bila Tserkva, wannan rukunin na Blobel ya kashe Yahudawa 33,771 a kwazazzabon Babi Yar da ke Kiyef cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba, da haɗin kan hukumar soja ta Kiyef. Ranar 10 ga Oktoba Reichenau ya fitar da umarnin da ke gaya wa sojojinsa su fahimci wajabcin tsananta wa Yahudawa. Runduna ta 707 ta sojojin ƙasa a Belarus ta rubuta da hannunta cewa cikin wata ɗaya ta kama mutum 10,940, ta harbe 10,431, ita kuwa sojanta biyu suka mutu. Baba, kai ka san yaƙi. Akwai artabun da ke ba da irin wannan lissafi?

Baba Ɗanjuma: Babu. Wannan ba yaƙi ba ne, yanka ne. Amma wannan 707 ce, Habu kuma 295 ya kawo. A riƙa kama kowa da laifinsa.

Isufu Damagaram: Ku ba ni dama in sa baki daga wannan ɓangaren. Tun kafin a shiga Rasha, a watan Yunin 1940, sojojin Jamus sun riƙa ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka kama, 'yan Afirka ta Yamma, su harbe su, su bar fararen. A Chasselay kusa da Liyon akwai maƙabartarsu har yau. Faransa ta ɗebi waɗannan sojoji daga duk yankunan mulkinta, har da Nijar. Kuma rundunonin soja na da hannu a ciki, ba SS kaɗai ba. Shi ya sa in na ji an ce soja yaƙi kawai ya yi, raina ba ya karɓa.

Yakubu: Batun Nurembag kuma, Malam, alƙalan ba wanke su suka yi ba. Cewa suka yi manyan hafsoshin ba su cika sharaɗin zama ƙungiya guda a shari'ance ba, a gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya. Keitel da Jodl, manyan hafsoshin hedikwatar sojan Jamus, ai rataye su aka yi. Ga kuma fursunonin yaƙi na Sobiyet, kusan miliyan 3 suka mutu a tsare, akasarinsu a sansanonin da soja ke gudanarwa.

Malam Habu: Manyan na bar muku su, Reichenau da Riedl da ire-irensu. Ƙananan ne ban yarda ba. Sojojin da suka ji kukan yaran suka kasa barci har suka kai ƙara, su ma masu laifi ne? Kuma ku tuna ƙarshen rundunar. A Satumban 1942 tana cikin waɗanda aka jefa tudun Mamayev a Sitalingirad, aka yi mata ƙawanya, kwamandanta Otto Korfes ya miƙa wuya ƙarshen Janairun 1943. Cikin kusan mutum 91,000 da aka kama a can, waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba. Groscurth kansa ya mutu a tsare a watan Afrilun shekarar.

Safiya: Yaya Habu, wahalar da suka sha a 1943 ba ta amsa tambayar 1941. Kuma da farko ba "manya" da "ƙanana" ka ce ba, cewa ka yi SS ne kawai.

Malam Habu: Har yanzu ban ga inda aka nuna sojan runduna ta 295 ya harbi ko yaro ɗaya a Bila Tserkva ba. A kawo min wannan.

Hajiya Rabi: Ba wanda ya ce su suka harba. Su ne suka tare ƙofar, su ne kuma suka janye da umarni ya zo. Baba, a dokar soja da ka sani, mai gadin da ya buɗe ƙofa yana sane da abin da za a yi, ina matsayinsa?

Baba Ɗanjuma: Ya danganta da wanda ya ba shi umarnin, da kuma ko umarnin halattacce ne. Wannan kuwa ba halattacce ba ne, ko a dokar sojan Jamus ta lokacin. Amma Hajiya, ba ki faɗa mana wace ƙungiyar soja ce ta haƙa ramin ba. In mutanen Riedl ne, to Habu bai faɗi ƙasa ba tukuna.